Neman shawara: tsohon gilotin daga Duala ko zarton riban, wanne zan fara saya?

Hamadu mai walda, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan sana'a. Ina da ɗan atelye a unguwar Yelwa, ni da yara huɗu. Aikinmu ƙofofi, tagogi, get, wani lokaci tankin ruwa. Abin da muka fi yanka shi ne tib kare (bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu) na milimita 30 da na 40, korniya (ƙarfe mai siffar L), da tol (shimfiɗaɗɗen ƙarfe) daga milimita 1 zuwa 2, jefi-jefi 3. Har yau da faifan mel, wato ƙaramin injin yanka da guga na hannu, muke yin komai. Faifai na cin kuɗi, yankan kuma ba ya fita a miƙe sai an bi shi da gyara. Wani dillali a Duala ya turo mini hoton tsohon gilotin, wato injin yanka tol, an rubuta QC12Y-6x2500 a jikinsa, ya ce daga wata masana'anta da ta rufe aka fito da shi. Yana kuma da zarton riban na kwance, irin mai baki zagaye kamar bel. Sefa miliyan 4 na tara, gilotin kaɗai zai kusan cinye su. Wutar shagona layi ɗaya ce, 220. Wanne zan fara saya, kuma me zan duba kafin kuɗi su bar hannuna?

Malam Bakari mai aikin lantarki, Marwa:
Wa alaikumus salam Hamadu. Tun daga maganarka ta ƙarshe gilotin ɗin ya fita lissafi a yanzu. Irin wannan yakan zo da moter mai kilowat 7.5, wuta layi uku, 380. Yana jan kusan amfiya 15 a kowane layi, lokacin tashi kuwa sai ya ninka haka sau biyar zuwa bakwai na ɗan lokaci. Kanta, wato mitar wuta, mai layi ɗaya ba za ta ɗauka ba ko kusa. Ke nan sai ka nemi a ja maka trifaze, wato wuta layi uku, ko ka sayi gurup, wato janareta, wanda bai gaza kVA 20 ba, kuma kowanne kuɗi ne da ba ka saka a lissafinka ba. Ka fara zuwa ka tambayi kuɗin jan layi uku zuwa ƙofar shagonka, a rubuta maka a takarda, kafin ka sake kiran dillalin.

Wani abu kuma, galibin wutarmu ta arewa daga madatsar Lagdo take, da rani ruwa kan ja baya, wuta ta yi ta rawa. Abin da ya fi kashe moter ba ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ne, faɗuwar layi ɗaya ne. Sauran biyun sai su ci gaba da ja, moter na gurnani, cikin mintuna waya ta ƙone. Duk injin layi uku da za ka saka, ka haɗa masa rele, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta, mai lura da layukan, da wanda ke yanke wuta in moter ya ɗau zafi. Ƙananan kaya ne masu araha.

Alhaji Sali, Ngaundere:
Ɗana, ka tsaya gefen yaranka kwana biyu ka ƙirga yanka. A aikin ƙofa da taga, tib da korniya ne ke cin faifai, tol kuwa yanka biyu ko uku ne a kowace ƙofa. Zarton riban za ka fara saya. Za ka ɗaure tib shida ko takwas a maƙe wuri ɗaya, ka saki hannu ya sauka da kansa, yaro ya koma kan walda. Kusurwar 45 ta firam za ta haɗu ba sai an cike rami da sandar walda ba.

Amma kada ka saya da hoto. Ka je da kanka, ka tafi da sabon baki irin M42, domin tsohon baki yana ɓoye laifin inji ko ya ɗora masa wanda bai yi ba. Yawancin masu matsakaicin girma suna ɗaukar baki mai faɗin milimita 27, tsawon kuwa ka sa a auna maka tun kafin ka tashi. Da ka isa, ka cire bakin, ka kama kowace ƙafa ta injin, wato manyan faifayen da baki ke zagayawa a kai, ka girgiza. In ta yi motsi gefe da gefe, boris ko sandar ciki ta cinye. Ka shafa leɓen bayan ƙafar da yatsa, in ya lashe baki zai riƙa zamewa. Sannan ka ɗaga hannun injin sama ka tura shi hagu da dama. Wasa a wannan maɗauri shi ne ciwon da ya fi wuyar magani, domin komai za ka gyara yankan zai ci gaba da karkacewa. Ƙananan boris da ke riƙe baki kusa da wurin yanka ba abin damuwa ba ne, ana samun su a shagon kayan mota. Giya ce abin tsoro. Ka buɗe wurin mai, ka ɗiga kaɗan a farar takarda ka kai rana. In ka ga ƙyalli ruwan zinariya, haƙoran tagullar ciki ne ke cinyewa a hankali, kuma samun irinta a nan sai an sha wuya.

Gwajin ƙarshe: ka yanko siririn yanki daga sandar ƙarfe mai kaurin milimita 50, kamar kwabo. Ka auna kaurinsa sama da ƙasa, hagu da dama. In bambancin ya wuce rabin milimita da sabon baki, a rage kuɗi sosai ko ka bar musu kayansu.

Usta Musa, Njamena:
Na yarda da Alhaji a kan zarto, sai dai ba na son Hamadu ya tafi da tunanin cewa in ya samu layi uku gobe wannan gilotin ya dace da shi. Lambar 6 ɗin tana nufin kaurin milimita 6, 2500 kuma tsawon mita biyu da rabi. Kai kuwa tol na 1 da na 2 kake yanka. Tazarar da ke tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa kamata ya yi ta zama wajen kashi 7 cikin 100 na kaurin tol. Ga na milimita 2, kusan 0.15 ke nan, ga na 1 ba ta kai 0.1 ba. Tsohon inji da ya shekara yana cin ƙarfe mai kauri da wuya ya riƙe wannan ƙaramar tazara daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ka ga yana yanka mai kauri lafiya, siriri kuwa ya lanƙwashe shi ya cusa tsakanin wuƙaƙe.

Ga duk mai son dubawa: a tafi da ma'aunin tazara, siraran ƙarafan nan da makanikai ke saita bawul da su, a auna hagu, tsakiya da dama. A yanka tol na 0.8 a wuraren uku, a shafa bakin a ji ko ya yi gemu. Gefen da ake jingina tol ya fi cinyewa, don nan ake yankan ƙananan guntaye kullum. A tambaya baki nawa ya rage a wuƙaƙen, domin ana juya su, ta ƙasa yawanci baki huɗu gare ta. In duk an cinye, wasa wuƙa mai mita biyu da rabi sai injin wasa mai dogon gado, ba aikin mel na hannu ba ne. A bar injin yana aiki rabin awa, famfon man da ke tura wuƙa in ya gaji ba ya nuna kansa sai mai ya yi zafi. Mai ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma hakan ba baƙon abu ba ne ga injin da ya zauna cikin damshin Duala. Sabon fenti a wuyan firam kaɗai, a kankare a duba tsaga.

Ina roƙon kowa ya riƙe wannan: silindar da ke mayar da wuƙa sama a irin wannan inji iskar nitirojin ce a ciki. In wuƙa tana komawa da nawa, iskar ta ragu. Kada wani ya ce ga tulun oksijin a shago bari a ƙara mata. Oksijin da mai in suka haɗu a matse fashewa suke yi.

Don tol ɗinka, Hamadu, almakashin tebur mai dogon hannu ko ƙaramin gilotin mai mita ɗaya da ake dannawa da hannu ya ishe ka a yanzu, ba ruwansa da wuta.

Buba, Kusiri:
Ran manya ya daɗe, plasma fa, injin nan mai yanka ƙarfe da wuta da iska? Na ampiya 40 yana aiki da 220, kuma yana yanka kowane fasali.

Malam Bakari mai aikin lantarki, Marwa:
Yana da amfani ga ado da zagaye, Buba, amma shi kam sabo ake saya. Allon lantarkin cikinsa ba ya shiri da ƙurar hunturu, kuma ba ka ganin gajiyarsa da ido. Yana son busasshiyar iska mai matsin wajen bar 5 daga kwamfuresa, in da ruwa a iskar bakin tocin zai riƙa ƙonewa. Siririn tol kuma zafi kan murɗa shi.

Hamadu mai walda, Garwa:
Allah ya saka da alheri, na haƙura da gilotin. Dillalin ya turo hoton farantin moter na zarton: kilowat 1.1, 220/380, 50 Hz. Zai yi a wutata?

Malam Bakari mai aikin lantarki, Marwa:
Zai yi. Ka sayi bariyata, akwatin da ke karɓar 220 layi ɗaya ya fitar da 220 layi uku, na kilowat 1.5 ko 2.2. A buɗe akwatin wayoyin moter a mayar da ƙarafan haɗin daga haɗin tauraro (Y) zuwa na kusurwa uku (Δ). Da an rubuta 380/660 da ba zai yiwu ba. Wayar bariyata ta tafi kai tsaye zuwa moter, kada a sa makunni a tsakani. Famfon ruwan sanyaya baki shi ma ka duba farantinsa, in na 380 ne kawai ka canza shi da ƙarami na 220.

Alhaji Sali, Ngaundere:
Ga tib mai siririn jiki ka nemi baki mai haƙora 10/14, ga ƙarfe cikakke 4/6. Ƙa'idar ita ce haƙora uku aƙalla su kasance cikin ƙarfe a kowane lokaci, in ba haka ba sai su kama leɓen tib su karye. Sabon baki a fara masa da rabin nauyin sauka na kamar minti goma sha biyar. Ruwan sanyaya kuwa, mai lita ɗaya cikin ruwa lita goma sha biyar zuwa ashirin, ba ruwan randa zalla ba, zai sa tsatsa.

Wajen ɗauko shi, ko ta jirgin ƙasa zuwa nan Ngaundere ko ta mota tun daga Duala, a cire baki, a tsiyaye ruwan, a sauke hannun ƙasa a ɗaure shi da jikin gadon. Gangaren dutsen da ke kan hanyar Garwa da ramukan hanya su ne ke lalata maɗaurin da ka sha wahalar dubawa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, da takardar duwan, wato kwastan, in daga waje aka shigo da shi. Rabin kuɗi bayan gwaji, sauran sai an ɗora a mota a gabanka.