Musayar waƙa: 'Yar Akka da ɗan Haifa

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Jigon wannan makon mai ƙaya ne. A Oktoban 2018 an yi wani biki a Isra'ila da ya ta da ƙura: Lucy Aharish, Balarabiya Musulma mai karanta labarai da Ibrananci a talabijin, ta auri Tzachi Halevy, Bayahude ɗan fim. Sun yi shekaru suna ɓoye soyayyarsu, da zancen ya fito kuwa har ministan cikin gida na lokacin, Aryeh Deri, sai da ya shiga rediyo yana suka. Namu masoyan na ƙirƙira ne, ba su da suna: budurwa Balarabiya Musulma 'yar Akka mai haɗa magani a wani asibitin Haifa (duka biranen gaɓar teku ne a arewacin Isra'ila), da saurayi Bayahude ma'aikacin jinya. Kowa ya ɗauki bakin wanda yake so, ƙwar biyu, amsa-amo naka ne.

Da sunan Mai zukata zan yi farko,
Shi ke ɗaure su, shi ke kwancewa.

Jirgin ƙasa daga Akka ya taso,
Ya bi gaɓar teku yana lanƙwasawa.

Ga 'yar Akka da farar riga a hannu,
Haifa ta nufa tun kafin wayewa.

A tagar magani suka fara hira,
Shi da takarda, ita da aunawa.

Ya yi godiya da Larabcin kakarsa,
Ta ɗago kai, dariya na ƙwacewa.

Shekara uku ba wanda ya sani,
Lambar wayarsa sunan mace ta sa wa.

To ga fili, wa zai zama bakinta?
Wa zai ɗau nasa ya zo da amsawa?

'Yar Damagaram:
Yaya Mai Alƙalami, budurwar tawa ce, kar wani ya riga ni.

Ka ce mu je mu sha iskar teku,
Ka kai ni Achziv don ka huce raina.

Ka yanki tikiti biyu kana murna,
Ƙofar da muka shiga garin kakana.

Sunansa Zib kafin a sauya allo,
A nan aka binne cibiyar dangina.

A Mayun 1948 aka watse,
Akasarinsu Labanan suka kwana.

Masallacin na nan, babu ladani,
'Yan wanka na shanya tawul a rana.

Kai kana ɓare lemo kana ba ni,
Ni ina laluben gurbin ɗakin Inna.

Ka ce, "Ai ba ni na kore su ba."
Gaskiya ne. To wa zan kai wa kukana?

Ranar tuna sojojinku, jiniya ta tashi,
Ka miƙe tsaye, ka saki hannuna.

Washegari bikinku, wuta da nama,
Mu muna kufai muna ta'aziyyar juna.

Ina son ka, wannan ba musu a kai,
Sai dai son bai iya goge lissafina.

Ɗan Tudun Wada:
Ƙanwata, kin fara da nauyi. Tunda kowa ya noƙe, bari in ɗauki bakin saurayin, ko da za a jefe ni.

Na ji kukanki, ba ni da ta cewa,
Da na san Zib ce da ban kai ki ba.

A makaranta Achziv aka koya mana,
Ba a ce mana da mutane a ciki ba.

Amma ki zo ki ga kakata da yamma,
Larabcin Bagadaza bai bar bakinta ba.

Tana yarinya aka yi Farhud, kisan Yahudawa a garinsu,
1941, ba ta manta daren ba.

A 1951 ta hau jirgi da akwati,
Ba a bar su sun taɓa dukiyarsu ba.

Ta sauka a tanti ana mata gani-gani,
Wai harshenta bai yi kama da na Turai ba.

Har yau in ta yi kubba sai ta tsaya ta ce,
Ruwan nan bai kai na Dijla daɗi ba.

Ba don in biya naki na kawo nata ba,
Ban ce rashi yana biyan rashi ba.

Cewa nake mu je Larnaka ta Kubrus mu ɗaura,
Tafiyar ba ta fi awa guda ba.

Ki bar ni da Asabar, ki riƙe Juma'arki,
Ban ce ki bar azumi ko salla ba.

Malam Na-Zaure:
Ɗan Tudun Wada, ka ambaci Larnaka ka wuce kamar yawon buɗe ido za a je. Isra'ila ba a ɗaura auren rajista a cikinta. Tun zamanin Daular Usmaniyya aure yana hannun kotunan addini, Turawan Ingila suka bar shi haka, ita ma ta gada. Malaman Yahudu ba za su ɗaura wa Bayahude da wadda ba Bayahudiya ba, alƙalin Shari'a kuma ba zai aurar da Musulma ga wanda ba Musulmi ba. Shi ya sa ake ƙetarawa tsibirin Kubrus a sa hannu a ofishin gari, a dawo ma'aikatar cikin gida ta rubuta. Ni bakin uban yarinya zan yi.

'Yata, zo zauna nan ki ji ni,
Na ajiye tsawa, na ajiye hayaniya.

Yaron na gan shi, akwai ladabi,
Ya riƙe min ƙofa, ya nuna min hanya.

Amma hukuncin ba ni na rubuta ba,
Musulma sai Musulmi, ita ce gaskiya.

Takardar Kubrus za ta ci a ofis,
A masallacin Jazzar liman zai juya baya.

Sannan ɗan da za ki haifa, na wa ne?
Su ta uwa suke gane ɗa da ɗiya.

Mu kuwa uba muke jingina wa yaro,
To kin ga jikana ya faɗa tsakiya.

Su ce ba nasu ba ne, uwarsa 'yar Akka,
Namu su kira shi da ubansa su yi dariya.

In ya yi shahada don Allah, ba don ke ba,
Ni zan raba kunafa unguwa gaba ɗaya.

Hajiya Mai Carbi:
Malam, a gafarce ni, akwai gyara. Nasaba ce ke bin uba. Ta fuskar addini kuwa malamai da yawa sun ce yaro yana bin wanda yake Musulmi cikin iyayensa. Kar a karanta baitinka a ɗauka fatawa ce.

Malam Na-Zaure:
Hajiya, uban nan ba littafi yake tsoro ba, bakin unguwa yake tsoro. Yaran layi ba sa duba fiƙihu kafin su yi wa ɗan uwansu laƙabi.

Hajiya Mai Carbi:
To shi ke nan. Ni kuma ga tsohuwar Bagadaza, don na ga an ambace ta an bar ta a kicin.

Ya kawo ki ran Juma'a da yamma,
Kika sumbaci hannuna kika gaishe ni.

Jikoki fal, ba mai jin harshena,
Sai ke baƙuwa ce kike gane ni.

Na so ki, 'yar nan, na ƙara miki miya,
Amma zuriya ta uwa ce, haka aka koyar da ni.

Na bar gari sau ɗaya saboda asali,
Tsufa ya zo, ga wata ƙaura na bin ni.

In kun ɗaura, Jamus za ku, ai na gane,
Ku bar tsohuwa da waya, ku manta da ni.

Baffan Yara:
Ni fa wannan jigon bai kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Kuna ta lemo da tawul da kubba,
Ana tono yara daga ƙasa a Gaza.

Oktoban 2023 da aka yi kira,
Sama da 300,000 suka sa kaki maza-maza.

Saurayin naku yana ciki ko babu?
A faɗa mana, kar a ce kaza da kaza.

Mai Alƙalami:
Baffa, tambayarka tana kan hanya, ai ita ce ma ƙashin bayan zancen. Abin da kawai ba za mu yi ba shi ne zagin wata al'umma ɗungurungum. Ɗan Tudun Wada, kai ka ɗauko, sai ka sauke.

Ɗan Tudun Wada:
Baffa, yana ciki. Ba zan wanke shi ba, ga abin da zai ce mata.

Kira ya zo a waya ranar Asabar,
Na ɗauko jakar da na daɗe da ajiye ta.

Ƙanwar abokina tana bikin Re'im da Hamas ta afka wa,
Sai bayan kwanaki aka gane gawarta.

Ni mai jinya ne, ɗinki da ƙarin jini,
Iyakar Labanan aka kai ni na yi wata.

Amma kakin da na sa shi ne dai kakin,
Ƙarya ne in ce nawa ya bambanta.

Na yi ta kira kin bar ta tana ƙara,
Saƙon da na turo kin ƙi ki karanta.

'Yar Damagaram:
Yaya, da wannan "na yi wata" ɗin kake so ka sulale? Tsaya.

Iyakar Labanan ka ce? A tsallakenta
Jikokin ƙanin kakana ke hangen ka.

A sansanin Rashidiyya suke, kusa da Sur,
Jirgin da ya wuce kanka kansu ya sauka.

A wurin aiki na koyi haɗiye magana,
Kan layi ɗaya a Facebook ana ɗauka.

Na auna wa sojan da ya zo maganinsa,
Hannu na rawa, ina tuna fuskarka.

Na yi kukan yarinyar Re'im, Allah shaida,
Na Gaza fa, ko ɗaya ya sa ka kuka?

Kakarka ta ce uwa, Baba ya ce shahada,
Kai kullum bakinka na kan Larnaka.

Na gaji da ɓoye ka cikin waya,
Na gaji da sauka nesa da motarka.

In da gaske kake, ka bar zancen jirgi,
Ka hau na ƙasa ka sauka a Akka.

Ka zo ta ƙofar gida, ba ta lungu ba,
Baba na zaune bayan la'asar yana jiran ka.

Baffan Yara:
Yauwa 'yata. Baiti na biyar ɗin nan shi nake so a amsa, kar a tsallake shi.

Ɗan Tudun Wada:
Kai jama'a, 'Yar Damagaram kin jefa ni gaban suruki ba shiri, ga Baffa kuma ya tare ƙofa. Malam Na-Zaure, a tanadi kujera da gahawa, gobe bayan la'asar saurayi yana tafe. Na Baffa zan fara amsawa. Amma fa ban yi wa kowa alkawarin shahada ba.