Shekarar 1974 ta ABBA ce kaɗai, ko ta dukan ƙasashen Nodik?

Mai Tsoffin Faifai: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakata: a tarihin kiɗan ƙasashen Nodik, wato Suwidin da Norwe da Denmak da Finlan da Aislan, babu shekara kamar 1974. Ranar 6 ga Afrilu ABBA, ƙungiyar mawaƙa 'yan Suwidin, suka ci Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a Brighton ta Ingila da waƙar Waterloo, maki 24, Italiya na biye da 18. Daga daren nan duniya ta san ana waƙa a can arewacin Turai. Mai ja ya fito fili.

Ɗalibin Uppsala: Wa alaikumus salam Baba. Ga ni na fito, amma cikin ladabi. Ka ce Nodik, alhali labarin Suwidin kaɗai ka ba mu. A wannan daren Norwe ƙarshe ta zo da maki 3, ita da Jamus da Suwizalan da Fotugal. Finlan ta 13. Denmak ba ta je ba ma, tun bayan 1966 ta ƙaurace wa gasar sai 1978 ta dawo. Aislan kuwa sai 1986 ta fara shiga. Gida biyar, ɗaya ya yi biki, ka ce unguwa ta yi?

Hajiya Babba: Yaro ya kawo lissafi. Sai dai ɗana, ɗaya daga cikin matan ABBA, Anni-Frid Lyngstad, a arewacin Norwe aka haife ta. Ba a ba Norwe ko tukuici?

Ɗalibin Uppsala: Mama, tana jaririya aka kai ta Suwidin, a can ta tashi. Tukuicin ba zai sayi goro ba.

Mai Tsoffin Faifai: To bari in ƙara maka abin da ba a cika faɗa ba. A makon da ABBA suka ci gasa, wata ƙungiyar Suwidin, Blue Swede ta Björn Skifs, ita ke lamba ɗaya a Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Kafin su babu ɗan Suwidin da ya hau wannan matsayi. Turai da Amurka cikin mako guda! Idan wannan ba buɗe ƙofa ba ne, me ake kira buɗe ƙofa?

Malamin Tarihi: Alhaji, ka ba abokin hamayyarka sanda da hannunka. Waƙar da Blue Swede suka hau da ita ta Amurkawa ce, B.J. Thomas ya fara rera ta a 1968, su maimaitawa suka yi. Waterloo kuma da harshen Suwidin aka rera ta a gasar cikin gida ta Melodifestivalen a watan Fabrairu, da aka zo Brighton aka juya ta Turanci, don daga 1973 an sassauta dokar da ta tilasta wa kowace ƙasa waƙa da harshenta. Har Norwe da Finlan da Turanci suka rera tasu a daren. Ni abin da nake gani ya fita duniya a 1974 gwanintar haɗa sauti ce da iya kasuwa irin ta manajan ABBA, Stig Anderson. Harshen da salon gida an bar su a bakin ƙofa kamar takalmi.

Mai Tsoffin Faifai: Malam, ɗan kasuwa da yaren mai saye yake ciniki. Laifi ne?

Malamin Tarihi: Ban ce laifi ba, amma 'yan Suwidin da yawa sun ce. Akwai tafiyar mawaƙa masu ra'ayin gurguzu da ake kira progg, waɗanda suka ɗauki ABBA a matsayin haja kawai. Da Stockholm ta karɓi baƙuncin gasar a 1975, sai suka shirya nasu bikin na kishiya, aka yi zanga-zanga kan kuɗin da ake kashewa. A 1976 Suwidin ba ta shiga gasar ba sam. Ƙasar da ta ci kofi, bayan shekara biyu ta zauna a gida. Wannan ma yana cikin labarin.

Uwar Biyu: Ni duk kun bar abin da ya fi burge ni. Madugun makaɗan ABBA a Brighton, Sven-Olof Walldoff, da kayan Napoleon ya fito har da hula. Kuma alƙalan Birtaniya, masu masauki, ko maki ɗaya ba su ba su ba. Bayan 'yan makonni waƙar ta zama lamba ɗaya a ƙasar tasu. Kunya dai!

Ɗalibin Uppsala: Anti kin sa ni dariya. Amma Baba, in da gaske kana son kare 1974, ga makamin da ya fi naka, kyauta na ba ka. A watan Afrilun nan dai, a Oslo, Keith Jarrett na Amurka ya naɗi faifan Belonging da Jan Garbarek mai busa saksofon da Jon Christensen mai ganga, dukansu 'yan Norwe, da Palle Danielsson ɗan Suwidin. A nan Ba'amurke ne ya tako ya same su a gida, ba su suka bi shi ba. A Finlan ƙungiyar Hurriganes ta fitar da Roadrunner, wanda har yau 'yan ƙasar ke ji da shi. A Denmak kuma ƙungiyar Gasolin' ta Kim Larsen na cika dandali, galibi da harshen Danish, ba ruwansu da Brighton.

Mai Tsoffin Faifai: Alhamdu lillahi! Ashe ka dawo hanya. Shekarar ta kowa ce ke nan.

Ɗalibin Uppsala: A'a Baba, ba nan na dosa ba. Kai cewa ka yi duniya ta san su. Wa ya san Gasolin' a Kano? Sun gwada Turanci daga baya don shiga Amurka, abin bai karɓe su ba. Kowace ƙasa tana da tata 1974, ba su haɗu a tukunya ɗaya ba.

Hajiya Babba: Gaskiyarsa a nan. Mu ABBA kaɗai muka ji a rediyo da kaset, kuma wallahi mun ɗauka Turawan Ingila ne. Sai da na girma na san ba haka ba.

Malamin Tarihi: Hajiya kin gama min aiki. In mai sauraro bai ma san daga ina waƙa ta fito ba, wace ƙasa aka tallata? Sannan ko su ABBA, bayan Waterloo sun yi sanyi a Birtaniya, ana ce musu masu waƙa ɗaya, sai da waƙarsu SOS ta fito a 1975 kuma Ostireliya ta rungume su. Da za a bi ta tawa, 1975 zan zaɓa.

Mai Tsoffin Faifai: Malam, ba don Brighton ba wa zai saurari SOS ɗin? Ba a hawa bene daga mataki na biyu. An kira la'asar, in na dawo zan ɗauko faifan in karanto muku abin da aka rubuta a bayansa.

Uwar Biyu: A yi mana addu'a Baba. Ka duba mana ko hoton mai hular Napoleon na jiki.