Inji ɗaya zai iya garin masara da markaɗen gyaɗa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'a. Ana so a kafa injin niƙa a unguwa wanda zai riƙa yin garin masara da dawa, ya kuma markaɗa gyaɗar masu ƙuli-ƙuli. Mai dutse za a saya ko mai guduma? Me ya fi dacewa ya ja shi? Sannan me ke sa gari ya fito da zafi har da baƙi-baƙi a wasu injinan?

Bakaniken Inji:
Wa alaikumus salam. Malam, in dai akwai gyaɗa a lissafin, mai dutse za ka saya. Mai guduma dukan hatsi yake yi da gudu wajen 3,000 a minti har ya farfashe ya bi ta ramukan raga. Gyaɗa kuwa kusan rabinta mai ne, tana shiga za ta dame ta liƙe ragar, inji ya shaƙe. Mai dutse murzawa yake yi tsakanin faifan ƙarfen zubi guda biyu da ake kira dutse, ɗaya a kafe ɗaya na juyawa, shi ya sa yake cin busasshe ya ci jiƙaƙƙe.

Girman da aka fi samu biyu ne, mai dutse inci 10 da mai inci 12. Na farkon injin ja mai ƙarfin doki 5 zuwa 7 ya ishe shi, na biyun yana son doki 10 ko sama. Ɗan injin fetur irin GX160 mai doki 5.5 na markaɗen kayan miya da wake ne, kada a ɗora masa dutse inci 12 a ce ya niƙa buhun masara. Wannan aikin na injin gas ne mai sanyaya da ruwa.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne fuli, wato zagayayyen ƙarfen da ake ɗora bel a kansa. Dutse yana son juyi wajen 600 a minti. Ka ninka gudun abin da ke ja da faɗin fulinsa, ka raba da faɗin fulin injin niƙa. Motar lantarki mai gudu 1,450 da fuli inci 4, a kan fuli inci 10, ta ba ka 580, daidai ke nan. Injin gas mai gudu 2,200 da fuli inci 4 sai ka nemo masa inci 14, ya ba ka kusan 630. In ka sa wa injin niƙa fuli ƙarami don aiki ya yi sauri, gari zai ƙone, dutse ya cinye, boris ɗin da sandar inji ke juyawa a cikinsa ya mutu da wuri. Fulin biyu su tsaya a layi ɗaya, ka gwada da zare. Bel kuma in ka danna tsakiyarsa da yatsa ya nutsa kamar faɗin yatsan. Ya fi haka zai riƙa santsi, ya gaza haka zai ci boris.

Mai Niƙan Bakin Kasuwa:
Oga ya gama maganar fuli. Zafi da baƙi kuwa mafi yawansu daga hannun mai niƙa ne. Yana so ya fitar da gari mai laushi a zubi ɗaya, sai ya ɗaure dutse tamau har ƙarfe na cin ƙarfe. Baƙin nan da kake gani garin dutsen ne, kuma cikin tuwon mutane zai tafi. Ka tura maganaɗisu cikin irin wannan garin ka ga abin da zai kwaso.

A sassauta dutse a ɓarza tukuna, a mayar da tsakin a ƙara ɗauri kaɗan, in ana son laushi sosai a yi na uku. Zubi biyu ko uku ya fi zubi ɗaya sauri in ka haɗa da lokacin da inji ke tsayawa saboda shaƙewa. Kuma da hatsi ya ƙare a mazurari a saki dutse nan take. Inji na juyawa babu komai a ciki da dutse a ɗaure, nan ne ya fi cin kansa.

Sai danshi. Masarar da aka surfa aka wanke dole ta sha iska ta bushe kafin ta zo. Ka ciza ƙwaya ɗaya: ta fashe ƙas, ta yi, ta lotsa a haƙori, a mayar da ita rana. Mai danshi tana cika layukan dutse, gari ya riƙa fita a dunƙule yana tururi. A tsince tsakuwa da ƙusa ma, ƙusa ɗaya tana iya tsaga dutse, don ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Ɗaura maganaɗisun tsohuwar sifika a maƙogwaron mazurari yana kama ƙarfe, tsakuwa dai sai ido da rairaya.

Garin da ya fito da ɗumi a baza shi ya huce kafin a ƙulle a buhu ko leda, in ba haka ba zai yi gumi ya yi tsami.

Uwar Ƙuli:
Ɗana, zai iya ɗin, amma ni ban ba ka shawarar yin su da kan niƙa ɗaya ba. Man gyaɗa yana shiga layukan dutse da bayan sukurun da ke tura hatsi, gobe mai masara ta zo garinta ya ɗauki warin tsohon mai. In an markaɗa barkono kafin gyaɗa kuwa an ɓata wa mai ƙuli kaya gaba ɗaya. Ka sayi kai biyu, babba na gari, ƙarami na markaɗe, inji ɗaya ya ja su ana sauya bel. In kuɗi bai kai ba, ware dutse na gyaɗa daban, a kwance a wanke da ruwan zafi bayan aiki, a shanya ya bushe don tsatsa.

Gyaɗar kanta a soya ta har ɓawon ya saki, a murje, a sheƙe, a tsince ruɓaɓɓu da masu hunhuna, domin gubar da ke cikinsu suya ba ta kashe ta. Wadda ba ta soyu ba ba ta sakin mai wajen matsa. A zuba kaɗan-kaɗan ana turawa da muciya, ba da hannu ba, sukurun nan ba ya sanin yatsa. Kada a zuba ruwa a inji; ruwan zafi sai wajen juya ƙullin a fitar da mai.

Mai Abincin Kaji:
Kada dai a raina mai guduma. In masara ce za ta fi yawa, buhu-buhu kullum, shi ya fi: babu wasa dutse, laushi kuma raga ce ke yanke shi. Milimita 1 ko ƙasa na garin tuwo, 3 zuwa 6 na abincin kaji. Gefen guduma ya cinye sai a juya ta, amma a juya duka tare, in ba haka ba nauyi ya karkata inji ya kama rawa. Maƙeran Panteka a Kaduna suna haɗa shi. Wanda zai sa motar lantarki mai doki 10 ya tabbata akwai wutar lantarki mai layi uku, kuma janareta ya ninka ƙarfin motar aƙalla sau biyu da rabi, saboda wutar da take ja wajen tashi.

Sabon Shiga:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Oga Bakanike, yaushe ake wasa dutse?

Bakaniken Inji:
Ba a ƙirga masa kwana, aiki ne ke nunawa. In ka ga sai ka ƙara ɗauri fiye da yadda ka saba kafin gari ya yi laushi, fita ta ragu, zafi ya ƙaru, layukan sun shafe ke nan. A cire biyun tare a bi tsofaffin layukan da giranda, zurfinsu ɗaya, kada a sauya yadda suka karkata. Wajen mayarwa a ɗaure notika a gicciye kaɗan-kaɗan don ya zauna daidai, a juya da hannu a saurara ko gefe ɗaya na gogawa. Sannan a fara niƙa dusa kamar tiya guda a zubar, kafin a karɓi hatsin kowa. Dutsen da ya sha wasa har ya yi siriri a wajen ramukan noti, a sauya shi.