Filasma da "mass transport": wace Hausa za mu yi musu?

Jama'a, ku taya ni. Ina shirya wa ɗalibai darasi kan tsabtace ruwa da filasma, sai kalmomi biyu suka tokare ni.

Ta farko ba ta ba ni wahala ba. Wani ya ce a kira ta iskar wuta, wani ya ce ruwan jini. Na biyun ya tafi asibiti ne, mu kuwa muna maganar iskar da lantarki ya tarwatsa ƙwayoyinta har ta soma ɗaukar caji, irin abin da ke cikin walƙiya. Irving Langmuir, wanda ya raɗa mata sunan a 1928, shi ma aro ya yi daga Girkanci. Filasma kawai, mu wuce.

Ta biyun ce ta hana ni barci. Wani ɗalibina ya fassara ta da sufurin jama'a. Na yi dariya har da hawaye, amma ban ga laifinsa ba, ƙamus ne ya kai shi tasha.

Ga abin da ake nufi. In aka kunna filasma a kan ruwa, tana haifar da ƙwayoyi masu cin datti, babbarsu ita ce OH, wato ƙwayar oksijin ɗaya haɗe da haidirojin ɗaya. Sai dai ba ta da tsawon rai: kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ta riga ta ƙare, tun ba ta nutsa ko'ina ba. In ba ta samu datti a fuskar ruwan ba, sai ta haɗu da 'yar uwarta su zama H2O2 (hydrogen peroxide), wanda bai kai ta kaifi ba. Ke nan dattin da ke ƙasan mazubi, a ce rini ne, yana kwance lafiya lau, sai an kawo shi sama. Wannan kawowar ita muke nema wa suna.

Hanyarta biyu ce. Ɗiga bula a ruwa ka bar ta, za ta bazu da kanta, amma a hankali: milimita 1 na cin kusan minti 10, santimita 1 kuwa ya fi rabin yini. Sa muciya ka juya, nan take ruwan ya kwashe ta. Masu rini a Ƙofar Mata ba sa buƙatar a koya musu wannan.

Shi ya sa a Jami'ar Clarkson ta Amurka, Selma Mededovic Thagard da abokan aikinta suke hura iskar argon daga ƙasa, kumfa ta ɗauko PFAS, wasu sinadarai masu gurɓata ruwa da ke da wuyar ruɓewa, ta kai su inda filasma take.

Na gwada kalmar gauraya, ta gaza, domin ruwa na iya gauraya sarai amma dattin bai isa fuska ba. Kai-kawo kuma na nuna zirga-zirga ba tare da inda aka dosa ba. Zaɓina jigilar sinadari, tunda jigila akwai kaya, akwai inda za a sauke. A ƙarƙashinta: bazuwa in da kansa ya tafi, kwasa in ruwa ne ya ɗauke shi.

Wata malamar kimiyya ta ce kwasa na tuna mata kwasar tuwo. Malama, na ji, amma da ambaliya ta zo ai cewa muke ruwa ya kwashe gada. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ya kuke cewa a ajinku? Ranar Litinin zan shiga aji.