Me za mu kira "canal" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Daren da na isa Benis, birnin nan na Italiya da ke zaune kan tsibirai 118, na tura wa yayata hoto. Sai ta ce, "Subhanallahi, wane kogi ne ya ci gari haka?" Na zo gyara mata, na rasa sunan abin da Turawa ke kira canal.

Ba kogi ba ne dai. Ruwan gishiri ne da ke shigowa daga tekun Adiriyatik, yana hawa yana sauka kullum. Shaidarsa na jikin matakalan gidaje, inda gansakuka ta ja layi.

Wani ya kawo "magudanar ruwa". Malam, ka yi haƙuri, duk wanda ya ji magudana kwata zai tuna. Ina kwata ina inda na tsaya bayan magariba, kan gadar Riyalto da aka gama a 1591, hasken fitilu na rawa a kan ruwa?

"Mashigin ruwa" ya zauna wa Suwez da Panama, inda jiragen dakon kaya ke ratsawa daga teku zuwa teku. Nan kuwa ƙofar gidan mutum ce ke buɗewa kan ruwan.

Masu cewa a bar shi "kanal", sai an zaci hafsan soja ake nufi.

Ni "titin ruwa" ya fi kwanta mini, don aikin titi yake yi. Mota ba ta yawo a tsohon birnin. Bas jirgi ne, motar asibiti jirgi, masu kwasar shara ma a jirgi suke zuwa. Babban titin ya kusa kilomita 4, gadoji huɗu ne kacal suka haye shi.

Ƙananan kuwa, 'yan garin da kansu wani suna suke ba su, rio. Da kwalekwalensu baƙi, gondola, ya kutsa da mu cikin ɗaya, gini dama gini hagu, shanya na reto a sama, matuƙin yana tsaye da filafili ɗaya, yana ƙwala kira kafin ya sha kwana kada a yi karo, ban yi wani tunani ba na ce "lungun ruwa". Wannan kam ba na neman shawarar kowa a kansa.

Na koma wa Yaya na ce ba ambaliya ba ce, titinsu ke nan. Ta ce, "To Allah ya dawo da kai lafiya. Kar dai ka ce za ka tsallaka titi."