Don Allah ku taimaka min da Hausar "maquette" kafin Asabar

Mai Shirin Matasa: Salamu alaikum jama'a. Ina da matsala kuma lokaci ya ƙure min, gobe Juma'a da la'asar zan ɗauki shirin rediyon da za a sa ran Asabar da safe, baƙona wani ƙanena ne na nan Sabon Garin Damagaram da yayansa ya aiko mishi kwalin maquette daga Faransa, wato 'yar ƙaramar motar roba mai kama da ta gaske da ake haɗawa, Renault 4L ce wadda muke cewa kat-el, ta kamfanin Heller, ya zauna sati biyar yana haɗawa yana fenti har ta fito kamar ka buɗe ƙofa ka shiga. Shirin na Hausa ne zalla kuma har ƙauyukan Mirriya da Magaria ana jin mu, ba zan iya ta cewa maquette maquette ba. Kalma uku nake nema, maquette ɗin kanta, da échelle 1/24 da aka rubuta a kwalin, da shi kwalin da gutsattsarin ke ciki wanda suke cewa kit. Na ce mishi shi ma ya shigo nan.

Ɗan Zango: Motar wasa mana Anti. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta gwangwanin madara ai motar wasa muke cewa, kowa zai gane.

Mai Kat-el: Wallahi yaya in aka ce motar wasa a rediyo gara kar in je. Ba raina motar kara nake ba ni ma na yi ta, amma ita ana yin ta ne don a ja ta a ƙasa, wannan kuwa in ka ja ta sau ɗaya madubin gefe ya karye shi ke nan. Kuma motar kara da ido ake yin ta, wannan komai nata awo ne. Kat-el ta gaske tsawonta mita 3 da santimita 60 da wani abu, tawa santimita 15 da 'yar ɗoriya, ka raba da 24 ka gani. Har sandar bites ta canza gudu tana nan a jikin tabulo gaban direba yadda take a ta gaske, ba a ƙasa ba, sirara kamar tsinken sakace, sai da na riƙe ta da hantsakin cire gira na ƙanwata na sa mata gam.

Baƙon Kano: Samfuri. A daidaitacciyar Hausa samfurin mota ake cewa, an gama. Échelle kuma sikeli.

Inna ta Birni: A'a ɗana, samfur a wurinmu na tela ne da mai atamfa, a nuna maka samfur ka zaɓa a kawo maka irinsa. In ta ce samfurin mota mutane za su zaci dillali ne ya zo tallar mota. Sikeli kuma na mahauta ne, nauyi yake aunawa.

Ɗan Zango: to mutum-mutumin mota? ko mota-mota kamar yadda ake cewa ruwa-ruwa

Mai Shirin Matasa: Mota-mota ta yi min daɗi a baki amma kamar abin da bai gama zama mota ba, kuma dai ga yadda ran yaron ya ɓaci da motar wasa. Mutum-mutumin mota kuma akwai mutum a ciki har biyu, mai sauraro zai jira ya ji ina mutumin.

Mushe Tsoho: Ɗiyata, shekara talatin da ɗaya na yi ina karantarwa, kuma wannan kalma na daɗe da warware ta tun ina lakwal ɗin gwaji inda ake fara wa yara da Hausa, lokacin da nake gina musu tudu da kwari da laka a darasin ƙasa. Kalmar ita ce KWATANCIYA. Daga kwatanta, wato ka kawo abu ƙarami ka nuna babba da shi. Ƙirarta irin ta tsintsiya da tunkiya ce, jam'inta kwatantoci. Kwatanciyar mota, kwatanciyar masallaci, kwatanciyar jirgi. Ba Faransanci ba Ingilishi, tsantsar Hausa. Ki faɗe ta sau uku a shirin, ƴan makaranta za su ɗauka.

Baƙon Kano: Malam da girmamawa, babu wannan kalma a ƙamus. Ba kowa ne zai tashi ya ƙirƙiro kalma a ɗakinsa ba, akwai masana a Jami'ar Bayero da aikinsu ke nan.

Mushe Tsoho: Samfurin naka daga wane ƙamus ya faɗo? Ba bakin Ingilishi ba ne aka lanƙwasa? Ku aro daga Ingila ku ce daidaitacciya, mu in mun aro daga Faransa ku ce gurɓatacciya. Kuma mu ma muna da jami'a a nan Damagaram. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a rubuce cikin kundi, ba sai mun aika Kano an buga mana hatimi ba. Zancen mota kuwa, a ƙarshen 1924 motocin Citroën takwas masu sarƙa a baya suka ratsa garin nan za su tafkin Chadi, lokacin Damagaram ce babban birnin ƙasa kafin a mai da shi Yamai a 1926. Mun san mota mun san sunan kayanta.

Baƙon Kano: Ni ban ce gurɓatacciya ba Malam. Amma yaron nan yanzu ya rubuta bites da tabulo, wa zai gane a Katsina? Giya ake cewa.

Mai Fentin Garaji: Giya a nan in ka faɗa wani abu dabam za a ji, na kwalba. Mu a garaji bites muke cewa, bolan muke cewa ba sitiyari ba, kuma direbobin da ke zuwa daga Daura da Maigatari suna gane mu muna gane su, ba a taɓa fasa gyara don suna ba. Ni tambayata ga mai motar, da wane fenti ka yi? don na ga hoton da Anti ta sa, shuɗin ya kwanta sosai.

Mai Kat-el: Baba ai nan na sha wuya. Da farko na sayi fentin mota da ruwan tsinka shi a wani shago, mai shagon ya ce min yana yi a kan komai, Allah ya sa a kan murfin inji na fara gwadawa, cikin minti biyu robar ta yi laushi ta yamutse kamar fatar tsohuwa, kwana uku ina gogewa da sanfefa mai laushi da ruwa kafin ta dawo. Ashe irin wannan robar ruwan fentin mota cinye ta yake. Shi kansa gam ɗin da ake haɗa ta da shi ba manna ta yake ba, narkar da bakin yake su haɗe su zama ɗaya, shi ya sa in ya taɓa yatsanka ka taɓa jikin motar zanen yatsan ya zauna har abada. Daga baya na koma fenti mai ruwa, akirilik. Sai da na wanke gutsattsarin duka da ruwan sabulu don akwai maiƙo a jikinsu daga masana'anta, na sa farin shafi na farko, sannan shuɗi shafi huɗu sirara sirara, kowane sai ya bushe. Babbar abokiyar gaba kuma ƙurar hunturu ce, shafi na biyu na bar ta a taga ta sha iska, da na dawo duk rufin ya yi ƙurji ƙurji kamar an barbaɗa gero, sai na sake gogewa. Tun daga nan da asuba nake fenti in yayyafa ruwa a ɗakin in kife ta da robar wanki.

Mai Fentin Garaji: Haka muke yi mu ma, a jiƙa ƙasa kafin a fesa. Wancan shafin farkon apire muke ce mishi. Gilashin fa? don na san gam mai kama nan take yana sa shi hazo.

Mai Kat-el: Farin gam na kafinta na sa da bakin allura, in ya bushe ba a ganin shi. Lambobi da tambarin kuma a takarda suke zuwa, ka tsoma a ruwa mai ɗumi kaɗan sai su sulɓe ka zame su a jikin motar.

Mai Shirin Matasa: Wannan duk zan so ka faɗe shi gobe yadda ka rubuta shi ɗin nan. Amma jama'a ƙarfe goma ta wuce ban samu kalma ko ɗaya ba.

Mushe Tsoho: Kin samu, kwatanciya. Échelle kuma kar wani ya ce miki tsani don Bafaranshe ya ce échelle, na sha jin wannan kuskure a bakin ƙananan malamai. Ma'aunin kwatanci za ki ce. Kin ga sun tafi tare, kwatanciya da ma'aunin kwatanci, iyali ɗaya. Apire ɗin can ma a ce shimfiɗa.

Inna ta Birni: Mushe ka yi haƙuri, ni mai sauraron rediyo ce tun ina budurwa. In na ji an ce kwatancin mota ko kwatanciyar mota a rediyo abin da zai zo min cigiya ce, an sace mota ana ba da kwatancenta, launi kaza lamba kaza wanda ya gani ya sanar. Wallahi haka tsofaffi za su ji. Kuma kwatanciya sai ka ce sunan mace mai yi wa baƙi kwatancen gida.

Mushe Tsoho: Hajiya kowace sabuwar kalma haka take fara wa kunne. Jirgi da can na ruwa ne kaɗai, yau wa yake jin jirgin sama ya nemi kogi? Ku kuka fi son mu zauna muna maketi maketi har jikokinmu.

Ɗan Zango: amma Mushe kai ma mota kake cewa, kuma sunan da muke kiranka da shi ma na Faransa ne, lakwal ma haka

Mushe Tsoho: Waɗannan sun shigo tun ba mu da ikon tsarewa. Wadda ba ta riga ta zauna ba ita ake tarewa a ƙofa.

Mai Fentin Garaji: Maketi ta zauna fa Mushe, masu zanen gini a nan duk haka suke cewa in sun kawo ɗan ƙaramin gida na kwali su nuna wa mai kuɗi. Ni dai kit ɗin nake da shawara, haɗa-da-kanka. Kamar yadda ake cewa faɗi-ka-mutu. Mota haɗa-da-kanka.

Mai Kat-el: Wannan ta yi! Don abin da ke cikin kwalin ke nan, ba mota za ka tarar ba, gutsattsari ne maƙale a jikin wasu rassan roba kowane da lambarsa, da takardar da ke nuna wanda za ka fara, ni da abin yanke farce nake cire su.

Baƙon Kano: Haɗa-da-kanka ba laifi, ko a Kano za a gane. Ga maquette ɗin in ba ku son samfuri to kwaikwayon mota.

Mushe Tsoho: Kwaikwayo na ƴan wasan dandali ne.

Inna ta Birni: Kuma na zinariya ne, in aka ce ta kwaikwayo an san ba ta gaske ba ce amma ta yi kama har sai an duba. Ni ya fi kwanta min. Zancen awon nan kuma ɗiyata kar ki wahalar da kanki da neman suna, ki faɗi yadda yaron ya faɗa, duk santimita ɗaya a jikin ƙaramar santimita 24 ne a jikin babbar, ko ki ce a jera irinta 24 hanci da wutsiya su yi tsawon ta gaske. Wanda bai je lakwal ba ma ya gane.

Mai Kat-el: Kwaikwayon mota na yarda in za a ƙara bisa awo, don kar a koma motar kara. Ni dai da abokaina maketi za mu ci gaba da cewa gaskiya, don in za ka nemi fenti ko wani kwalin a intanet da wannan sunan za ka samu.

Mai Shirin Matasa: To ga abin da na rubuta, ku duba min. "Yau muna tare da wani matashi da ya haɗa maketi, wato kwaikwayon mota bisa awo, ta Renault kat-el, motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1961 aka yi sama da miliyan 8. Irin haɗa-da-kanka ce, an rage ta kashi ɗaya cikin 24, in ka jera irinta 24 sun yi tsawon ta gaske." Maketi sau ɗaya zan faɗa a farko daga nan sai kwaikwayon. Apire ban san yadda zan yi da shi ba, in ya faɗa zan ce shafin farko kawai. Mushe ranka shi daɗe ban jefar da taka ba, zan ce wani dattijon malami ya ba da shawarar kwatanciya masu sauraro su kira su faɗi ra'ayinsu.

Baƙon Kano: "An rage ta kashi ɗaya cikin 24" kamar kashi ɗaya aka cire saura 23. Ki ce an mai da ita kashi ɗaya cikin 24.

Mai Shirin Matasa: Gaskiyarka, na gyara, na gode.

Mushe Tsoho: Kalma huɗu a wurin da ɗaya ta isa. Shirinki ne ɗiyata, ki yi yadda kika gani. Amma in za ki faɗi tawa ki faɗe ta daidai, ki ja wasalin ƙarshe, kuma ki ba da jam'in. Ƙarfe nawa ake buɗe layin waya ran Asabar ɗin?