Na sa wa Sienna manyan tayoyi, yanzu suna goga, don Allah ku ba ni shawara

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin mota ku taimaka, kaina ya kulle. Sienna ce gare ni, ta kwana biyu amma lafiyarta ƙalau. Asali ta yayana ce, da ya canza mota ya ce in ɗauka in riƙa biyansa a hankali, kuma har yau ban gama biya ba, shi ya sa ba na so wata matsala ta kai kunnensa. Mutum ne mai tsantseni, in ya zo gidana sai ya zagaya motar ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya zauna. Ga iyali da yawa, ga Hajiyarmu da nake kaiwa ganin likita, kusan kullum a cike muke. Abin da ya dame ni tun farko, in mun cika sai cikinta ya riƙa dukan tudun rage gudu, har salansa ta lotse. Sai wani abokin aikina ya ce yana da wili huɗu na Lexus RX, inci 18, da tayoyinsu, mu yi musanya in yi masa ciko. Muka yi. Wallahi motar ta ɗago, ta yi kyau. To amma yanzu in na murɗa sitiyari har ƙarshe sai in ji gurrr a gaba, in kuma baya ya cika muka faɗa rami sai in ji taya ta daki wani abu. Kuma kamar ta yi nauyi wajen tashi. Shi kuma abokin nawa har ya sayar da nawa na da. Yaya zan yi?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu tarihin yayanka kaf, amma ba ka faɗi shekarar motar ba, ba ka faɗi lambar tayar ba. Je ka karanto abin da ke jikin tayar, ka leƙa bayan wilin akwai rubutu, sannan ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi.

Baban Hanif:
2006 ce, mai ja da gaba. Takardar ƙofa ta ce 215/65R16. Na yanzu 235/60R18. A bayan wilin an rubuta 18x7.5 da 35. Amma fa ramukan noti sun hau daidai, ko kaɗan ba a tilasta ba.

Mai Sifana:
Dole su hau, ai duka biyun huji biyar ne, 5x114.3, ramin tsakiya kuma milimita 60.1. Wannan shi ke yaudarar mutane, sai su ɗauka tunda noti ya shiga an gama. Bari in yi maka lissafi. Tayarka ta asali, daga ƙasa zuwa sama, milimita 686 ce. Wadda ka sa 739. Bambanci 53, kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali abin da aka saba yarda da shi kada a wuce kashi 3. Duk ɗagowar da kake murna da ita rabin 53 ce, wajen milimita 27, ko yatsu biyu ba ta cika ba. Kuma kamar yadda ta ɗaga motar da 27, haka saman tayar ya matsa kusa da madigadi da 27.

Sannan wannan 35 ɗin. Wilinka na asali faɗinsa inci 6.5 ne, lambarsa 50. Lambar na raguwa, wilin na fitowa waje. Ka haɗa 15 ɗin da ya ragu da rabin incin da faɗi ya ƙaru ta waje, bakin wilin ya leƙo da kusan milimita 28. Shi ya sa a baya, maimakon tayar ta shige cikin madigadi in mota ta sauka, sai ta daki leɓensa. A gaba kuma robar ciki take ci.

Nauyin tashi ba kunnenka ba ne. Taya mai girma kamar ka tashi mota a giya ta biyu ce, injin da giyabos ne ke biyan bashin, birki ma aikinsa ya ƙaru. Agogon gudunka in ya nuna 100, kana wajen 108. Cire su kawai.

Abu Sadik:
Haba Oga, kada ka tsorata bawan Allah. Ni 18 ce a tawa kuma ba abin da ya same ni. Baban Hanif, je wajen mai gyaran bodi ya ɗan gasa robar gaban ya tura ta ciki, ko ya yanke inda take taɓawa. A baya kuma a sa maka roba mai kauri a kan sifirin ta ɗaga. Aikin yini ɗaya ne.

Mai Sifana:
18 ɗinka mai wace lamba? Inci 18 girman wili ne kawai, ba girman taya ba. Ina da tabbacin lambar tsakiya ta tayarka, mai nuna kaurin namanta, ba 60 ba ce.

Abu Sadik:
Ban haddace ba gaskiya, amma dai tana tafiya.

Maman Ilham:
Ni dai maganar manyan wili ta ishe ni. Maigidana ya sa wa tamu masu siririyar taya, wai don kyau. Tun daga nan duk ramin da aka shiga sai ka ji shi a ƙugunka, wili ɗaya ya lanƙwashe, taya ta yi ƙulu a gefe. In na yi magana ya ce ban san mota ba. To ni ce dai nake zama a baya da yara, shi yana gaba yana jin daɗinsa.

Baban Hanif:
Hajiya, ni ba don kyau na yi ba. Kuma tawa ba siririya ba ce, namanta da kauri. Oga Mai Sifana, na ji lissafinka, amma ka gane, tunda na sa su cikin motar bai ƙara dukan tudu ba. Wannan ai nasara ce. Kuma ba ni da na da ɗin, da me zan koma?

Ɗan Autan Mama:
Shok ɗinka ne ya mutu. Canza shok na baya, magana ta ƙare.

Mai Sifana:
Shok ba ya riƙe tsayin mota, sifirin ke riƙewa. Shok rawa kawai yake kashewa. Amma ka kusa gaskiya. Motar 2006 da kullum take cike, sifirin ɗin bayanta ya daɗe da gajiya, shi ne ya sa take dukan tudu tun farko. Ciwon yana sifirin, shi kuma ya je ya sayo taya. Robar da Abu Sadik yake cewa za ta ɗaga bodin, amma gajiyayyen sifirin yana nan yadda yake, in aka yi lodi zai sake nutsewa.

Hanya biyu ce. Ko ka nemi wili inci 17 ka sa 225/60R17, wadda Toyota da kansu suka sa wa wasu Siennar wannan zubin, tsayinta 702. Ko, in ka nace sai waɗannan wilin, ka cire tayoyin ka sa 225/55R18, tsayinta 705, ta fi siranta da milimita 10. Amma ka duba lambar nauyi da ke bin girman, kada ta gaza wadda ke takardar ƙofa. 98 na nufin kilo 750 kowace taya. Ko da hakan ban yi maka alkawarin leɓen baya zai tsira ba, saboda 35 ɗin nan. Kuma ka buɗe ƙofar gefe mai zamewa ka ga tazararta da tayar baya.

Alhaji Na Ƙarshe:
Tunda ana maganar taya, ku riƙa duba shekara. Ni wani ya sayar min da huɗu, zanensu kamar sababbi, ya rantse min ba su daɗe ba. Ashe lambobi huɗun ƙarshe na layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya su ne sati da shekarar da aka yi ta. Nawa 2314, wato sati na 23 a 2014. Ɗaya ta fashe da ni ina tsakiyar gudu, Allah ne ya kiyaye. Na koma masa ya ce shi bai san ni ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Baban Hanif, wannan abokin naka me ya sa yake neman rabuwa da su?

Baban Hanif:
A'a Alhaji, mutumin kirki ne, tare muke aiki, ba zai cuce ni ba. Ƙofar kuma na gwada, tana wucewa, yatsa ɗaya na shiga tsakani. Ni abin da nake gani, sayen tayoyi huɗu yanzu ba zai yiwu ba, waɗannan ko rabi ba su ci ba. In na yanke robar gaba kamar yadda Abu Sadik ya ce, na rage lodi a baya, ba shi ke nan ba?

Mai Sifana:
Wa za ka sauke, Hajiya ko yaran? Sa hannu ka shafa gefen tayar baya ta waje. In ka ji zane ko yanka, ƙarfe ne ke cin ta, kuma gefen taya ba a facinsa. Safayarka ma yanzu ta yi wa sauran ƙanƙanta sosai, in ta gaba ta yi faci kada ka ɗaura ta a gaba, ka dawo da ta baya gaba ka sa safayar a baya.

Abu Sadik:
Oga komai a wajenka haɗari ne. Mutane nawa ke yawo da irin wannan?

Baban Hanif:
Na shafa, akwai ɗan zane a ta dama amma bai yi zurfi ba. Zan fara da robar gaban tukuna in gani. Yayana zai zo ƙarshen wata, in ya ga an yanke wani abu ban san me zan ce masa ba. To 235/55R18 fa? Wani ya ce min ita ba ta gogawa, sai in canza biyu na baya kawai.

Mai Sifana:
716 ce, har yanzu ta haura kashi 4. Kuma gaba daban baya daban, sai ka rikita ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Na faɗi nawa.

Ɗan Autan Mama:
Don Allah wilin Camry inci 17 zai hau Sienna 2002?